Tumatirin Balan da Cukun Ruga: Wa Ya Ce Salak Sai na Otal?

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin 'yan boko a ƙasar nan, wadda ba a koyar da maganinta a tsangayar likitanci, wato raina abin gida har sai baƙo ya ɗauka ya raɗa masa suna. Duk wanda ya taɓa leƙa manyan otal-otal na Kano ko Abuja zai iya cin karo da wani faranti da ake kawowa kafin abinci: yankakken tumatir ja wur, da farin cuku mai laushi, da ɗan koren ganye, an yarfa mai a kai. Sunansa na Italiya ne, kuɗinsa kuwa sai mai albashi mai tsoka. Ma'aikaci zai ci ya lashe cokali, ya koma ofis yana ba da labarin abincin Turawa. Alhali kuwa babu ko abu guda a cikin farantin nan da ba za a sami irinsa a Balan ta ƙasar Gaya ba, ko a ƙauyukan Ajingi da ke maƙwabtaka da ita. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, rashin ganin wannan haɗi a akushinmu laifin masu ilmi ne da masu albashi, kuma manomi da makiyayi su ne ke biyan kuɗin wannan laifi.

Bari mu fara da tarihin farantin kansa, domin a daina yi masa kallon abin da ya faɗo daga sama. Tumatir ba ɗan Italiya ba ne. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, mutanen Meziko suka noma shi tun kafin Turawa su san da su, daga harshensu ne ma sunansa ya fito. Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, kuma a shekarar 1544 ne wani masanin tsirrai na Italiya mai suna Mattioli ya fara ambatonsa a rubuce. An daɗe a wasu sassan Turai ana tsoron cinsa, ana zaton guba ne. Ashe ke nan baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake baƙo a wurinmu. Shi kuwa cukun nan mai ruwa-ruwa a ciki da suke kira burrata, a yankin Andria na kudancin Italiya aka ƙago shi a ƙarnin da ya wuce, kuma dabara ce ta masu shanu don kada ragowar cuku da man madara su lalace. Abincin ƙauye ne tsantsa, na mutanen da ba su yarda su yi asarar abin da suka wahala a kansa ba.

Abin da ya ɗaga darajar wannan abinci na ƙauye shi ne mutanen birninsu sun ci shi, sun yi alfahari da shi, hukumarsu kuma ta tsaya masa. A 1996 aka yi wa cukun mozzarella na ɓaunar yankin Campania rajista a Tarayyar Turai, a 2016 aka yi wa burrata ta Andria, ta yadda babu mai ikon sayar da wani abu da waɗannan sunaye sai in ya cika sharuɗɗan da aka gindaya. Ba ma sai mun tafi nesa ba, ga maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi irin wannan rajista. Mu fa, wane abincin ƙauye muka taɓa tsaya wa?

Su Turawa da bazararsu suke cin wannan haɗi, domin a lokacin ne tumatirinsu ke nuna a gona. Mu tamu kakar tumatirin tana zuwa ne da rani, tun daga tsakiyar hunturu har zuwa goshin bazara, lokacin da masu noman rani a fadamun Gaya da Ajingi da bakin kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Haɗeja suke kwashe amfanin lambunansu. Wanda duk ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya a watan Fabrairu ko Maris ya san abin da nake nufi. Kwanduna ne jere a bakin titi, rana na dukansu, manomi na tsaye yana jiran ɗan gwari ya taya. Shi tumatir ba ya jira. Gero ko dawa in ba su yi kasuwa ba sai a mai da su rumbu, amma nunannen tumatir kwana uku zuwa huɗu ya fara zubar da ruwa. Saboda haka mai saye ne ke yanka farashi, mai kaya kuwa sai dai ya ce Allah ya sa albarka. Wanda ya ƙi sayarwa, ko dai ya yanka ya shanya a ƙasa ya zama kauɗa, ko ya zuba wa awaki. Masu bincike sun sha ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana lalacewa kafin ya kai bakin mai ci. Da damina ta sauka kuma sai labari ya sha bamban, tumatir ya yi tsadar da uwargida za ta koma kan na gwangwani da na leda.

Kada a ce hukuma ba ta taɓa yin komai ba, ta yi, sai dai duk hankalinta yana kan manyan ayyuka. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daga gare ta aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasar Kano ta zama cibiyar tumatir a Nijeriya. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi juyin noma na Shagari a 1980. A 2016 aka buɗe katafariyar masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta niƙa tan 1,200 a kowace rana. A wannan shekarar ce kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar kuma ta tsaya saboda rashin kaya. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin niƙaƙƙen tumatirin da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin 100, ta ɗora dala 1,500 a kan kowane tan. Duk waɗannan ƙoƙari ne, ba na musu. Amma ƙaramin manomi na Balan mai kwando goma ba shi da motar kai kaya Kadawa, balle kasuwar Mile 12 ta Legas. Kasuwarsa ta gaskiya ita ce bakunan da ke kusa da shi, wato Gaya da Wudil da Dutse da Kano, kuma a cikin waɗannan garuruwa mu ne masu ɗan abin saye.

Haka labarin yake ta ɓangaren nono. Ƙasar Gaya ba ta rasa rugage ba, kuma kullum safiya matan Fulani suna shigowa gari da ƙore a ka. Madarar da aka tatsa da asuba, in ba a sayar ko an sarrafa ta ba, kafin la'asar ta juya. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suka iya kindirmo da man shanu. Fulani kuma suna da tsohuwar fasahar yin cuku mai laushi, wanda a wasu wurare ake kira wara, a Benin da Gana kuma ake ce masa wagashi. Ana ɗumama madara, a zuba ruwan da aka matso daga ganyen tumfafiya, a ci gaba da dafawa har ta tsinke ta dunƙule, sa'annan a kwashe a tsane a cikin 'yan ƙananan kwanduna. 'Yan'uwanmu na Nijar su kuma busar da nasu suke yi ya zama faifai-faifai, shi ne cukun da fatake ke kawo mana daga wajejen Tawa da Agadas. Yau a Kano in ka ce awara, babu abin da zai zo wa yaro a rai sai ta waken suya. Ba na kushe ta, abinci ce mai gina jiki kuma ta rufa wa mata da yawa asiri. Amma abin takaici ne a ce a ƙasar da ke da miliyoyin shanu, ɗalibin jami'a ya san madarar gari ta gwangwani tun yana goye, bai taɓa ɗanɗana cukun madarar saniyar da ke kiwo a bayan garinsu ba.

A dubi abin da Indiya ta yi. A 1946 ƙananan masu shanu na yankin Anand suka kafa ƙungiyar haɗa kai wadda aka sani da Amul, don su kuɓuta daga dillalan da ke saye a wulaƙance. A 1970 aka faɗaɗa tsarin zuwa ƙasa baki ɗaya a ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien, kowane ƙauye da wurin tara madara, a auna a biya mai ita. Kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta wuce kowace ƙasa a duniya yawan madara. Ba da manyan gonaki suka yi wannan ba, da mata masu saniya ɗaya ko biyu suka yi, kuma da mutanen birni waɗanda suka yarda su sha abin da ƙauye ya tatso.

To, wani zai ce ai mu Hausawa ba mu saba da cin ɗanyen abu ba, salak al'adar Nasara ce. Wannan magana ba ta da tushe. Me ake kira kwaɗo? Tun kafin a gina otal na farko a Kano kakanninmu suke kwaɗa zogale da rama da tafasa, su daka ƙuli-ƙuli, su yanka ɗanyar albasa da tumatir, su zuba man gyaɗa. Mai tsire ba ya naɗe maka nama sai da yankakken tumatir da albasa. Mai gurasa haka, mai wake da shinkafa haka. Abin da muka yi kurum shi ne mun mai da tumatir ɗan rakiya, ba mu taɓa ba shi kujerar gaba ba. Sa'ad da muka tashi yin abin da muke kira salak kuma, sai muka kwaikwayo mafi munin nau'insa: kabeji da wake na gwangwani, a lafta kirim na kwalba har ba a jin ɗanɗanon komai, kuɗin kuma su tafi aljihun wanda bai san hanyar Gaya ba.

Domin kada a ce surutu ne ba aiki, ga yadda ake haɗin, kuma ko a ɗakin kwanan ɗalibai za a iya. A sami tumatir shida nunannu masu tauri, waɗanda suka nuna a jikin uwarsu, domin wanda aka tsinka ɗanye ya nuna a kwando ba shi da zaƙi. A wanke su sarai da ruwa mai tsabta, a yanka su fala-fala, a barbaɗa gishiri kaɗan a bar su kamar minti goma. Gishirin zai jawo ruwan tumatirin ya fito da ɗanɗanonsa, kuma kada a zubar da wannan ruwa, shi ne romon haɗin. A yanka albasa guda siri-siri, in tana da yaji a jiƙa ta cikin ruwa ta huce. Sai cuku. In an sami na Fulani sabo, a ɗan tafasa shi cikin ruwan gishiri, a bari ya huce, a gutsuttsura da hannu. In ba a samu ba, a sayi madarar shanu lita guda, a tafasa ta, a sauke, a matsa lemun tsami biyu ko uku a juya a hankali, za a ga ta tsinke, sai a tace a farin ƙyalle mai tsabta. Tumfafiya a bar wa waɗanda suka gaje ta, domin ƙaronta yana da illa, musamman ga ido.

Wanda kuma yake son laushin nan irin na burrata, ga kindirmo. A zuba shi cikin ƙyalle a ɗaure a rataye a wuri mai sanyi na 'yan sa'o'i, ruwan zai ɗige, abin da ya rage ya yi kauri kamar man shanu, da ɗan tsami mai daɗi. A cakuɗa shi da gutsattsarin cukun, a ɗora a tsakiyar tumatirin. A tsinko ganyen ɗoɗɗoya a yayyaga a kai, domin ita 'yar'uwar ganyen nan ce da Italiyawa ke sawa, a gidajenmu ma takan fito da kanta a gindin randa. A yarfa man gyaɗa mai kyau cokali biyu, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli mai yaji. A ci nan take da gurasa ko burodi. Tumatirin ya kawo bitamin C, wanda doguwar dahuwar miya ke rage shi, man ya taimaka wa jiki ya tsotsi jan sinadarin da ke cikinsa, cukun kuma ya kawo abin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi. Mutum uku za su ci su ƙoshi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai hujja ta biyu da ake kawowa, kuma wannan tana da nauyi, wato tsoron cuta. Gaskiya ne ɗanyen kayan lambu na iya ɗauke da ƙwayoyin taifot da kwalara, musamman waɗanda ake yi wa bayi da ruwan kwata a gefen birni. Gaskiya ne tun zuwan sharon wasu manoma suna fesa magani fiye da kima, su tsinke kafin ƙarfinsa ya wuce. Gaskiya ne kuma madarar da ba a tafasa ba na iya yaɗa tarin fuka da cutar da ke sa shanu ɓari. Amma fa duk waɗannan matsaloli ne da ilmi ke warwarewa: a wanke, a tafasa, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani. Wa ya kamata ya kai wannan ilmi ƙauye in ba malamin gona da duba-gari da malamin dabbobi ba? Su wane ne waɗannan in ba mu ba, ko yayyenmu da suka riga mu kama aiki? In ma'aikaci ya ce ba zai ci tumatirin ƙauye ba don ba shi da tsabta, to, ya yanke wa aikinsa hukunci da bakinsa.

Hujja ta uku ita ce rashin wutar lantarki da firji. Amsar wannan tana nan Dutse, maƙwabciyar Gaya. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami ne a can, ya ɗauki tsohuwar hikimar randa ya gyara ta: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin cikin ƙaramar. Kayan lambun da kan lalace cikin kwana uku sai su kai mako biyu ko fiye. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki, duniya ta san shi. Kuma dabarar ta fi aiki a busasshen yanayi, wato daidai lokacin da tumatirinmu ke yawa. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin tukunyar nan da idonsu? Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Ban ce farantin salak zai ceci noman Nijeriya ba. Manomi yana bukatar hanya, da iri mai jure cuta, da rumfar sanyi, da bashi marar tsauri, kuma wajibi ne mu ci gaba da matsa wa hukuma a kansu. Amma kasuwa daga baki take farawa, kuma abin da 'yan boko suka ci yau shi gari ke ci gobe. Mu ne muka koya wa ƙauye shayi da madarar gwangwani da taliyar leda, ba da doka ba, da kwaikwayo. Ashe kuwa za mu iya juya akalar. A 1978 ɗaliban ƙasar nan suka fito kan titi saboda ƙarin kuɗin abinci da na makwanci a jami'o'i, har aka rasa rayuka a Legas da Samaru. Waɗannan magabata namu sun fahimci cewa abin da ke cikin farantin ɗalibi siyasa ce. Mu abin da ya rage mana shi ne mu tambayi daga ina abin ya fito, kuma aljihun wa kuɗinsa ya shiga.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta zauna da masu sayar da abinci a harabar makaranta, a sa wannan haɗi cikin abin da ake sayarwa daga Janairu zuwa Afrilu, a riƙa sayen tumatirin kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma. Ina kira ga 'yan'uwa masu karatun aikin gona da kimiyyar abinci, a nan Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ke ƙofar Gaya, su mai da cukun Fulani abin bincikensu na shekarar ƙarshe: kwana nawa yake yi, yaya za a ƙara masa kwana, nawa yake ci kafin ya iso kasuwa. Ƙungiyoyin ɗaliban Gaya da Ajingi, maimakon a ƙare hutu a kan liyafa da ba da lambobin yabo, a tara magina tukwane da matan ruga a gwada tukunya cikin tukunya a gaban jama'a. Ku kuma matasan ma'aikata, ranar da aka ba ku aikin shirya abincin taro a ofis, ku tuna akwai abin da ya fi lemon kwalba da biskit.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Namu gatarin ma ba guntu ba ne, ajiye shi muka yi a bayan ɗaki ya yi tsatsa. Rani mai zuwa kwandunan za su sake jeruwa a hanyar Gaya, matan ruga za su sake shigowa da ƙorensu, kuma za su jira mai saye kamar yadda suka saba. Wanda ya tsaya ya saya da daraja, ya kai gida ya yanka ya ci da iyalinsa, ya yi wa tattalin arzikin ƙasar nan abin da ya fi muhawarar dare guda a ɗakin taro. Allah ya ba mu ikon gyarawa.